Yadda ake ciyar da 'yan kwana-kwana idan gobarar tuddan Ingila ta ƙi mutuwa

Gobarar da ta tashi a tudun Winter Hill, kusa da Bolton, ranar 28 ga Yunin 2018, sai da ta kwana 41 kafin hukumar kashe gobara ta Lancashire ta gama da ita. Kwana huɗu kafin nan wata ta riga ta kama a tuddan Saddleworth, gabas da Manchesta, har aka kwashe mutane daga gidajensu a Carrbrook, aka kuma kawo sojoji wajen 100 su ƙara hannu. A watan Agustan 2025 ta Langdale, a yankin North York Moors, ta shiga Satumba ba ta mutu ba, tana tafe tana fasa tsofaffin bama-baman da suka saura a ƙasa tun atisayen yaƙin duniya na biyu.

Abin da ke sa irin wannan wuta daɗewa yana ƙarƙashin ƙafa. Tuddan nan babu itatuwa a kansu, ciyawa ce da gajerun tsirrai, amma a ƙarƙashinsu akwai baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen tsiro da ta taru cikin dausayi shekaru dubbai. Idan fari ya busar da ita, ita kanta makamashi ce. Sai ta riƙa ci kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa garwashi. A kashe nan da safe, da la'asar iska ta kaɗa, ta ɓullo can gaba. Motar kwana-kwana ba ta hawa yawancin wuraren, don haka mutum ne zai taka da ƙafarsa, da kayan aiki a kafaɗa, ya wuni yana bugun wuta da faffaɗar roba mai ƙota, yana jan tiyo, yana tonon ƙasa.

A kwana ukun farko jama'a kan yi ta kawo kaya har a rasa wurin ajiyewa. A mako na uku, lokacin da 'yan jarida suka tafi, hayaƙi ya daina kaiwa cikin gari, ma'aikatan kuma suka fi kowane lokaci gajiya, a nan ne hannu ke ɗaukewa. Wannan bayani na ƙungiyar da ke son ta kasance a wurin a mako na uku ne: masallaci, coci, ƙungiyar unguwa, har da ƙungiyoyin mutanenmu mazauna Manchesta, Oldham, Bolton, Bradford da Leeds, waɗanda girkin suna da biki da buɗa-baki na mutum ɗari ba baƙonsu ba ne.

Kafin a ɗora tukunya, a nemi izini

Matakin farko ba a kicin yake ba. Kowace babbar gobara tana da kwamanda ɗaya, a ƙarƙashinsa kuma akwai jami'in da aka ɗora wa kula da abinci, ruwa, hutu da canjin ma'aikata. Wannan jami'in ne ubangidanku. Ku bi shafin hukumar kashe gobara ta yankin a intanet ko a Facebook, domin a nan suke faɗin abin da suke buƙata da tashar da za a kai shi. Ku kira lambar ofishinsu ta yau da kullum. Kada kowa ya buga 999 don ya ce yana da shinkafa, layin ceton rai ne.

Ku sani kuma ba fili kuka tarar babu kowa ba. Hukumomin suna da nasu tsarin ciyar da ma'aikata. Ƙungiyar Salvation Army tana da motocin shayi da abinci da ke amsa kiran 'yan kwana-kwana a Greater Manchester, wato Manchesta da garuruwan kewayenta, da sauran wurare, haka ma ƙungiyar Rapid Relief Team tana kafa rumfa ta yi girki a irin wannan lokaci. Tambayar da ta dace ita ce: wane lokaci ne ba a samu mai ɗauka ba? Wataƙila karin asuba ne, wataƙila abincin dare na ranakun Talata da Laraba, wataƙila ruwa kawai. Ku karɓi giɓin da aka nuna muku, ko da bai yi muku daɗin faɗi ba.

Mutum ɗaya tak zai riƙa magana da jami'in, da lambar waya ɗaya. Kullum da yamma ya tambayi abu huɗu game da gobe: mutum nawa, ƙarfe nawa, a ina za a ajiye, akwai wanda ba ya cin wani abu? Adadin yana sauyawa ƙwarai. Yau mutum 120, jibi 40, gata iska ta juya a koma 100. Kuma ba 'yan kwana-kwana kaɗai ke kan tudun ba. Akwai 'yan sa-kai masu ceto a tsauni, manoma da taraktocinsu da tankunan ruwa, masu kula da gandun farauta, ma'aikatan kamfanin ruwa, 'yan sanda masu tsaron hanya. Wanda ya wuni a bakin shinge yana mayar da motoci shi ma bai ci komai ba. Ku tambaya ko an sa su a lissafi.

Mataki na biyu, sashen kula da tsabtar abinci na ƙaramar hukumarku. Wanda ya ba da abinci sau ɗaya a irin wannan hali yawanci ba a neman ya yi rajista, amma ƙungiyar da za ta riƙa girki a kai a kai ana iya buƙatar ta yi, rajistar kuwa kyauta ce. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi girkin a kicin ɗin da ya riga ya yi rajista: na masallaci, na zauren unguwa, ko na wani mai gidan abinci da ya yarda ya ba da aron wurinsa da safe. A samu aƙalla mutum ɗaya a kowane zubi mai takardar shaidar tsabtar abinci ta mataki na 2, wadda ake yi a intanet cikin 'yan awanni. Wanda zai yi jigila da motarsa ya sanar da kamfanin inshorarsa cewa zai yi aikin sa-kai da ita.

Jadawalin mutane

Ku ɗauka aikin zai kai mako shida. In ya ƙare kafin nan, alhamdu lillahi. A raba mutane gida uku: masu sayayya, masu girki, masu kai wa. Kada kowa ya wuce awa shida a rana, kada kuma a sa mutum kwana uku a jere. Masu zafin nama da ke cewa a bar musu komai su ne ke faɗuwa a rana ta biyar, don haka mai tsara jadawali ya iya cewa, "Hajiya, ranarki Alhamis ce, yau ki huta." A rubuta sunan mai jiran gado a gefen kowane suna. Duk wanda ya yi amai ko gudawa ba ya taɓa abinci sai ya cika awa 48 da warkewa. Mai asma, mai juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 18 su tsaya a kicin cikin gari, ban da zuwa inda hayaƙi yake.

Ruwa ya riga abinci

Mutumin da ke bugun wuta cikin rana da kayan kariya a jikinsa yana iya zubar da gumi lita ɗaya a awa. Ku yi lissafin lita 6 ga kowane mutum a rana, wannan ma mafi ƙaranci ne. Ga mutum 100, lita 600 ke nan, wato goran rabin lita guda 1,200, nauyin kilo 600. Ƙaramar mota ba ta ɗaukar wannan a sawu ɗaya. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai loda but har bayan motar ya zauna, ya hau siririyar hanyar tudu da ita.

Goran rabin lita ya fi babba amfani, domin yana shiga aljihu da jaka. Ban da kwalba ko kaɗan: tana fashewa, tana yanka, kuma ba a son ta a kan busasshiyar ciyawa. A sanyaya ruwan a firji tun dare, a daskarar da kashi ɗaya bisa huɗu a firiza, a jera daskararrun a tsakanin sauran cikin kula. Su ne ƙanƙarar, in sun narke kuma a sha su.

Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da gumi ya fitar. Shi ya sa ake haɗawa da lemon 'yan wasa mai ɗan gishiri da sukari, da abin taɓawa mai gishiri. Lemon ƙara kuzari mai yawan kafeyin kuwa, a ganina a bar shi a shago: yana sa bugun zuciya ga wanda zafi ya riga ya galabaitar, yana kuma hana shi barci idan ya sauka. Shayi ba a raina shi a ƙasar nan ko da rana ta take. Babban fulas na ruwan zafi, ganyen shayi, kofi, madara da sukari su kasance a teburin daga asuba har dare.

Me za a dafa

Binciken da aka yi kan masu kashe gobarar daji a Amurka ya nuna mutum na iya ƙona kalori 4,000 zuwa 6,000 a wuni, wato ninki biyu ko fiye na mai zaman ofis. Ba a cike wannan da zama ɗaya. Cikin da ya cika dam ba ya hawan tudu. Abin da ke aiki shi ne ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu, sannan abinci mai nauyi bayan an sauko. Saboda haka girkinku iri uku ne.

Na farko, karin asuba. A ƙarshen Yuni gari na wayewa a Manchesta kafin ƙarfe 5, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan 9:30 na dare. Da dare akan rage aiki a kan tudu saboda haɗari, a bar masu gadi, da hasken farko kuma a koma. Ke nan masu karin kumallo sai sun tashi ƙarfe 2 ko 3. Wannan shi ne zubin da ya fi wahalar samun mutane, shi ne kuma ya fi amfani. Burodi da soyayyen ƙwai a naɗe a takarda, kunun hatsin ots mai zafi, ayaba, shayi. Wanda ya saba tashin sahur ya san yadda ake wannan.

Na biyu, ƙunshin aljihu, wanda mutum zai hau da shi. Sharaɗinsa uku: a ci shi da hannu ɗaya, kada ya narke, kada ya lalace cikin zafi. Sanwic na cuku ko na jam, ayaba, tuffa, biskit mai gishiri, busassun 'ya'yan itace. Dabino ya fi su duka dacewa, ba ya narkewa, ba ya dagargajewa, ga sukari nan take. A cire ƙwallon, a zuba bakwai ko takwas a ƙaramar leda. Cakulan yana zama ruwa a aljihu. Duk abin da aka haɗa da mayonis, da dafaffen ƙwai, da kifin gwangwani, ba na aljihu ba ne. Kowane abu a naɗe shi daban, ta yadda mutum zai riƙe ledar ya ci ba tare da yatsunsa sun taɓa abincin ba.

Na uku, abincin saukowa. A nan ne gwanintarku za ta fito. Abinci na tukunya ɗaya wanda ake ci da cokali: dafa-dukan shinkafa da kaza, taliya da miyar niƙaƙƙen nama, faten dankalin turawa, wake da shinkafa. A cire ƙashi daga naman tun a kicin, domin wanda ya gaji ba ya da ƙarfin yaƙi da cinyar kaza a tsaye. Ga mai irin wannan aiki ku auna ɗanyar shinkafa giram 120 da nama giram 150, wato mutum 60 za su ci kilo 7 da ɗoriya na shinkafa da kilo 9 na nama. Ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda ba a lissafa ba. Kullum a yi tukunya guda mara nama, a kuma rubuta a jikin kowace kula ko naman halal ne.

A sassauta yaji. Maƙogwaron da ya wuni yana shaƙar hayaƙi a ƙuje yake, attarugu zai ƙara masa azaba. A ajiye yajin a gefe, mai so ya zuba. A canza abinci kowace rana. Mutumin da ya ci sanwic mai sanyi kwana tara a jere, idan aka miƙa masa shinkafa mai tururi, za ku ga bambanci a fuskarsa.

Gyaɗa da 'yan uwanta

A nan zan daɗe, domin a nan ne girkinmu yake da tarko. Dokar Birtaniya ta lissafa abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da borin jini, wani har ya toshe numfashi cikin mintuna. Da yawansu suna cikin kayan da muke zubawa ba tare da tunani ba. Gyaɗa tana cikin man gyaɗa, tana cikin ƙuli-ƙuli, tana cikin yajin tsire. Riɗi yana ciki. Busasshen jatan lande da ake daka wa miya yana ciki, haka kifi. Alkama tana cikin taliya, burodi, kuskus da semo. Wata daddawar da waken suya ake yin ta. Dunƙulen ɗanɗano kan ƙunshi seleri, alkama ko waken suya, sai an karanta jikin kwalin. Sai madara, ƙwai, mustad, da 'ya'yan itace irin su kashu da almon.

Shawarata ita ce a fitar da gyaɗa daga kicin ɗin gaba ɗaya har aikin ya ƙare. A yi girki da man sunfulawa ko wani man da ba na gyaɗa ba. Yajin da za a kai a daka sabo, barkono da citta da gishiri, ba wanda aka zo da shi daga gida da ba a san abin da ke ciki ba. Tudun nan yana da nisa da asibiti, motar asibiti ma ba ta hawansa.

Kowace tukunya tana da takardarta: sunan abincin, duk abin da aka zuba, wanne daga cikin 14 ɗin ke ciki, ƙarfe nawa aka sauke. A manna kwafi a jikin kula. Tun watan Oktoban 2021 doka ta wajabta wa masu sana'ar abinci su rubuta cikakken jerin kayan haɗi a jikin abincin da suka naɗe kafin a zo ɗauka, kamar sanwic. Ko dokar ta hau kanku ko ba ta hau ba, ku bi ta. Idan wani ya tambaya ko akwai abin da ba ya ci a ciki kuma mai rabon bai tabbata ba, amsar ita ce "kada ka ci", a ba shi wani abu.

Zafi da sanyi

Ku sayi ma'aunin zafin abinci mai tsinke, ba ya da tsada. Nama ya kai digiri 75 a tsakiyarsa kafin a sauke. Abinci mai zafi ya zauna a digiri 63 ko sama har a raba shi. Idan ya sauka ƙasa da haka, awa 2 kawai yake da shi, daga nan sai zubarwa. Mai sanyi ya zauna a digiri 8 ko ƙasa, 5 ya fi, idan kuma aka fitar da shi daga sanyi kada ya wuce awa 4. Waɗannan su ne ƙa'idojin hukumar FSA mai kula da lafiyar abinci.

Shinkafa ta fi kowa buƙatar ido. Akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, ɗumame kuma ba ya kashe gubar. Ku tuna ma'aikatan nan ba sa saukowa a kan lokaci. An ce ƙarfe 7, wuta ta tashi, sai 9. Don haka a zuba tafasasshen ruwa a kula na minti goma ta ɗauki zafi, a zubar, a juye abincin yana tururi, a cika ta har baki, a rufe, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Kula biyu matsakaita sun fi babba ɗaya, domin ta biyu tana rufe har rukuni na biyu ya iso. A auna zafin lokacin tashi daga kicin, a auna lokacin isa, a rubuta. Ragowar da ta dawo daga tudu ba a ɗumama ta gobe. Na san zubar da abinci yana da ciwo a ranmu, amma rukunin mutum 30 da ciwon ciki ya kwantar ma'aikata 30 ne aka cire daga bakin wuta. Hanyar rage asara ita ce tambayar adadi kullum da yamma.

A wurin rabo

Za a ba ku wurin haɗuwa, yawanci tashar kwana-kwana, filin ajiye motoci ko bakin wata gona. Nan ne iyakarku. Daga nan motocin hukuma ko na masu ceto a tsauni su ke hawa da kayan. Kada wani ya ce ya san wata 'yar hanya. Wutar ciyawa da iska a bayanta tana iya fin mutum gudu, hanyoyin kuma sirara ne, mota ɗaya da ta tsaya ba daidai ba ta tare tankar ruwa.

Da isa a rubuta sunayenku wurin jami'in, da tafiya a soke, domin idan aka ce kowa ya fita a san mutum nawa ake nema. A juya mota ta fuskanci hanyar fita. Ba a ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa, zafin salansa kaɗai ya isa ya tayar da wata wutar. Tukunyar gas, in an yarda ku kunna, a kan kwalta ko tsakuwa, da bargon kashe wuta da tukunyar kashe gobara a kusa. Gawayi ko murhun gashi ba ya zuwa wurin ko da wasa. Gobarar tudun Marsden ta watan Afrilun 2019, wadda ta cinye fili mai yawa na ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi da filayen karkara, da murhun gashin nama aka danganta ta. Janareto a waje, nesa da rumfa, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba.

Jerin teburin yana da muhimmanci. Abu na farko da mutum zai tarar shi ne ruwa da sabulu da tishu mai danshi na goge fuska da wuya, kafin ya kai ga abinci. A 2022 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke jawo cutar daji, kuma ƙungiyar ƙwadagon 'yan kwana-kwana ta Birtaniya, FBU, ta daɗe tana wayar da kai cewa kada a ci abinci da baƙin hayaƙi a hannu. Bayan wanki sai ruwan sha, sai abinci, sai shayi, sai kujeru a inuwa, a ɓangaren da iska ba ta kawo hayaƙi. Ku ku zuba musu, kada hannu 60 su taɓa ludayi ɗaya.

A gefe guda a ajiye kwandon ƙananan kaya. A gobarar 2018 an nemi man kare fata daga rana, maganin shafawa na korar ƙwari, da safa. Busasshiyar safa ga wanda ya wuni cikin takalmin aiki ba ƙaramar kyauta ba ce. A ƙara filasta, man leɓe da hular rana. Ciyawar tuddan nan tana da kaska, wadda ke iya ɗauke da cutar Laim, don haka ku ma ku sa dogon wando ku duba jikinku in kun koma gida. Magani kuwa, ko na ciwon kai ne, ba aikinku ba ne. Akwai masu kula da lafiya a wurin.

Ku zuba ido a kan fuskoki. Wanda ya zauna ya ƙi ci, yana jiri, ko fatarsa ta yi sanyi da gumi, ko maganarsa ta fara ruɗewa, a gaya wa jami'i nan take, kada a tsaya ana lallashinsa da shayi. Sau da yawa mai rabon abinci ne kaɗai ke kallon kowa ɗaya bayan ɗaya.

A rage surutu. "Sannu da aiki" ta isa. Wanda yake son magana zai yi. Kada a tambaye shi yaushe wutar za ta mutu, an tambaye shi sau ɗari. Ba a ɗaukar hoton mutum yana cin abinci ba da izininsa ba, ba a wallafa inda ake haɗuwa a intanet don kada 'yan kallo su cika hanya, ba a kuma tayar da jirgi mara matuƙi, domin da an gan shi jirage masu saukar ungulu da ke zuba ruwa sai su dakata.

Duk abin da kuka kawo ku koma da shi: gora, leda, cokali, har ruwan wanke-wanke. Yawancin tuddan nan su ke tara ruwan da ke gangarawa madatsun da birane ke sha, ba a zubar da ruwan sabulu a rafinsu.

Kuɗi da kyautar jama'a

Da labari ya bazu za a fara kawo muku kaya. Ku faɗi abin da kuke so ƙarara, da adadi da rana: "Ruwa katan 40 ranar Litinin." Idan kuka ce a kawo duk abin da ya samu, za ku wayi gari da kek ɗari da babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Dafaffen abinci daga gidajen da ba ku san kicin ɗinsu ba a yi godiya a mayar, a roƙi mai shi ya zo ya yi zubi ɗaya tare da ku. Kuɗi ya fi kaya amfani, domin da shi za a sayi abin da ake buƙata a mako na huɗu. Ma'aji ɗaya, mai duba shi ɗaya, rasit na kowane fam, kuma duk Juma'a a karanta wa mambobi abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan wani shago ya yi alkawarin ruwa katan 200, ku roƙe shi ya riƙe a rumbunsa ya riƙa saki 30 a rana.

Idan hukuma ta ce a dakatar da kawo kaya, a dakata. Idan ta ce ta rage ma'aikata zuwa masu sintiri goma sha biyu da ke neman inda ƙasa ke hayaƙi, ku tambaya ko waɗannan goma sha biyun suna da abincin rana. Yawanci a wannan matakin manyan motocin abinci sun riga sun koma, tukunya ɗaya ƙarama da fulas biyu sun wadatar.

Ranar da jami'in ya sallame ku, a wanke kuloli da ruwan zafi a shanya, a ƙirga abin da ya rage. Ruwa da busasshen abinci a kai rumbun abincin mabuƙata na unguwa. Ragowar kuɗi, da yardar waɗanda suka bayar, a miƙa wa ƙungiyar Fire Fighters Charity mai tallafa wa 'yan kwana-kwana, ko ƙungiyar ceto a tsauni ta yankin, irin ta Oldham ko ta Bolton, waɗanda su ma 'yan sa-kai ne da ke rayuwa da gudummawa. A adana jadawalin, da takardun tukunya, da lambobin waya, a hannun mutum biyu. Lokacin wutar tuddai yana farawa tun Maris da Afrilu, sa'ad da ciyawar bara ta bushe sabuwa ba ta fito ba, saboda haka a watan Fabrairu ne ya kamata ku rubuta wa hukumar kashe gobara ta yankinku ku ce ga ku, ga kicin ɗinku, ga yawan mutanen da za ku iya ciyarwa a rana.